Jirage Bakwai na Dargaza

A shekara ta goma sha tara da hawan Sarki Rabo gadon Dargaza, akwai jirage bakwai da ke ajiye a bakin Babban Gulbi ƙarƙashin rumfar zana. Shekara uku ke nan da fara aikinsu, amma ba wanda ya taɓa wuce mashigin gari a cikinsu.

Ga yadda aka yi aka sassaƙa su. Dargaza ƙasar fadama ce, shinkafa da kifi su ne abincinta. Tun kaka da kakanni gulbi kan ciko a ƙarshen damina, ya malale fadamu, ya janye ya bar wa manoma laka. Sai ga shi cikowar ta rikice, yau shekara biyar ke nan a jere, wata shekara ta zo a makare, wata shekara ta tsaya a rabi. Akwai wani malamin fada, Malam Harisu, masanin taurari da lissafi, wanda ya shekara ashirin yana auna hawan ruwa da saukarsa yana rubutawa. Shi ne ya gaya wa sarki cewa ba ruwan saman Dargaza ke cika gulbi ba, domin ya ga shekarar da damina ta yi albarka gulbi ya ƙi cika, ya kuma ga shekarar fari da gulbi ya yi ambaliya. Ya ce daga nesa ruwan yake zuwa, ya roƙi a tura jirage su bi gulbi sama har inda ya faro, a auna zurfinsa, a rubuta rafukan da ke zuba cikinsa, da duwatsu, da taurari, da itatuwan magani, a kuma tambayi mutanen can abin da suka gani. Sarki ya yarda, ya ɗora shirin tafiyar a wuyan Sarkin Ruwa Tunau, dattijon da ke shugabantar masunta da 'yan jirgi.

Tunau ya zaci aikin wata shida ne. Shekarar farko ta ƙare a neman itace, don maɗacin da ya isa a sassaƙa babban jirgi yana dajin Galadima, Galadima kuwa sai da ya ja wata bakwai kafin ya bari a sa masa gatari. Shekara ta biyu aka tara guzuri, gero da banda da man gyaɗa, aka zaɓi mutum saba'in, sannan aka zauna jiran amsar sarakunan da za a ratsa ƙasashensu. Uku suka aiko da izini. Na huɗu, Sarki Dawi na Gwarzama, wanda ke riƙe da matsatsin da gulbi ke bi tsakanin duwatsu, bai ce uffan ba. Ana cikin jira ruwa ya janye, ƙwari suka shiga geron, mutanen da aka zaɓa suka koma gonakinsu. A shekara ta uku Tunau ya sake tara komai daga farko.

Ranar da za a yanke magana, Tunau ya fito da hantsi ya biya ta mashigi, ya tarar mutane sun taru. Wani tsohon kada ne ya fito daga ruwa ya shiga ƙarƙashin babban jirgin ya mutu a nan. Tunau ya sa aka janye shi, ya wuce fada yana ɗingishi, don gwiwoyinsa sun daɗe suna damunsa. Kafin ya isa, labarin kadan ya riga shi.

Majalisa ta cika. Sarki Rabo na zaune a kan shimfiɗa, Waziri Gwadabe a damansa, Galadima Barau a hagunsa, sauran hakimai kowa a mazauninsa. Tunau ya faɗi ya yi gaisuwa, aka ba shi izinin magana.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Jirage a shirye suke, an toshe duk wata ɓaraka. Guzuri ya cika. Mutum saba'in suna nan, kowa ya yi sallama da iyalinsa karo na biyu. An ɗinka wa takardun Malam gafakar fata don kada ruwa ya taɓa su. An murɗa igiyoyin auna zurfi, an ɗaura musu dalma. Nan da kwana ashirin ruwa zai hau yadda zai ɗauki jirage masu kaya. Abu ɗaya ya rage, hatimin sarki a kan takardar tafiya."

Waziri ya ce, "Amsar Gwarzama fa, Sarkin Ruwa?"

"Ba ta zo ba, ranka ya daɗe. Manzo uku na tura. Kowanne an sauke shi, an ciyar da shi, an sallame shi hannu wofi. Ni dai a ganina mu tafi, in mun isa matsatsin mu tsaya mu nemi izini baki da baki. Wanda ya ga jirage ba mashi ba garkuwa, sai tawada da igiya, zai san ba yaƙi ya kawo su ba."

Galadima Barau ya gyara zama. Mutum ne dogo mai kakkausar murya, ya ci yaƙi biyu a ƙuruciyarsa, bai kuma bari kowa ya manta ba. Ya ce, "Zaki, a gafarta mini. Mutum saba'in majiya ƙarfi, da jirage mafi girma da aka taɓa sassaƙawa a ƙasar nan, za a miƙa wa Dawi a bakin matsatsi don a gano inda ruwa ya fito. Ruwa daga wurin Allah yake, wannan ko yaro ya sani. Ga shi yau da safe kada ya zo ya mutu ƙarƙashin jirginsu. Gulbi da kansa ya faɗi ra'ayinsa."

Malam Harisu, wanda ke zaune can gefe da carbinsa, ya ɗago kai. Siririn mutum ne, muryarsa ba ta da ƙarfi, sai an yi shiru ake jin sa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Na je na duba kadan. Ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, tsufa ne ya kashe shi, inuwa ya nema ya samu. Gaskiyar Galadima ce, ruwa daga wurin Allah yake. Amma Allah ya yi masa hanya, kuma bai hana bayinsa sanin hanyar ba. In mun gano cewa can sama ne damina ta gaza, za mu san lokacin da za mu gaya wa talakawa su bar shinkafa su shuka dawa a tudu. In kuwa yashi ne ya toshe wani rafi, ko gulbi ne ya sake hanya, wannan abu ne da hannu ke iya gyarawa. Shekara biyar muna shuka a makance."

Sarki ya ji wannan muhawara sau da yawa, kowa a zauren ya san abin da kowa zai faɗa. Ya murza idanunsa ya ce, "Waziri, kawo hatimi."

Waziri bai kai ga tashi ba sai aka ji gudu a ƙofar zaure. Sarkin Dogarai ya shigo da wani manomi, jikinsa duk laka, jini ya bushe a kafaɗarsa. Mutumin ya zube ya ce shi daga Gungun Tsamiya yake. Wannan tsibiri ne a tsakiyar gulbi, tafiyar yini biyu sama da gari, kuma shi kaɗai ne wurin da shinkafar Dargaza ba ta gaza ba a shekarun nan. Ya ce mayaƙan Gwarzama sun sauka a kan gungun shekaran jiya da asuba, sun kashe dagaci, sun kori manoma, sun kafa sansani a tsakiyar gonaki.

Zauren ya ruɗe. Galadima ya miƙe tsaye, abin da ba a yi a gaban sarki, ba kuwa wanda ya tsawata masa. Ya ce, "Ga amsar Dawi ta zo, Sarkin Ruwa! Zaki, ba ni jiragen nan bakwai. Kowanne zai ɗauki mayaƙa arba'in. Cikin kwana uku zan ɗebe su daga gungun kafin su yi shinge."

Tunau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ji ni. Jiragen nan an yi su ne don ruwa mai zurfi. Yanzu gulbi bai hau ba. Jiya Malam ya auna a mashigi, bisa lissafinsa a gefen gungun ruwa bai fi kamu uku ba, wani wurin kamu biyu. In aka ɗora wa jirgi mutum arba'in da makamansu, cikinsa zai taɓa yashi. A jira kwana ashirin."

Galadima ya ce, "Kwana ashirin! Ka ba su kwana ashirin su kafa shinge, su girbe abincinmu. Kai dai jiragenka kake tausayi."

"Ina tausayinsu, ranka ya daɗe, shekara uku na ba su. Amma mutanen da za su shiga ciki na fi tausayi."

Waziri ya nemi a tura manzo tukuna, wasu hakimai suka goyi bayansa, wasu suka ce manzanni sun isa haka. Aka yi ta kai da kawo har rana ta take. Daga ƙarshe sarki ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya ce, "Tunau, na san abin da ka sha. Malam, ban manta alkawarina ba. Amma in gungun ya tafi, ba wanda zai kai baɗi balle ya ji labarin inda ruwa ya faro. Galadima, ɗauki jiragen. Sarkin Ruwa zai ba ka matuƙa, shi ma zai bi ku."

Da la'asar aka fara sauke kaya. Tunau na tsaye yana kallo ana fitar da buhunan gero da tulunan mai da ya yi wata huɗu yana tarawa, ana zuba kwari da garkuwoyi a madadinsu. Malam Harisu ya kwashe takardunsa da igiyoyinsa da kansa, ya ƙi bari kowa ya taɓa. Da ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Baɗi kuma, in da rai."

Tunau ya ce, "Haka muka ce bara, Malam."

Babban ɗan Tunau, Mairiga, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ne matuƙin babban jirgin, shi aka zaɓa tun farko ya ja gaba a tafiyar. Galadima ya ce a jirginsa zai shiga. Tunau ya ja ɗansa gefe ya ce, "Ka bi ta gabashin gungun, nan ne ruwa ya fi zurfi. In ya ce ka bi ta yamma, ka ce ni na hana."

Mairiga ya ce, "To, Baba. Amma ka san halinsa."

Sun tashi washegari, an buga tambari a gaɓa. Yini biyu suna tura jirage da gwangwala, don nauyi ya hana filafili aiki sosai. A rana ta uku da hantsi suka hango gungun. Tunau na cikin jirgi na ƙarshe. Daga nan ya ga hayaƙin sansanin Gwarzama a ɓangaren yamma, ya ga 'yan ƙananan kwale-kwale kaɗan a gaɓa, kamar ba masu tsaro. Ya ga babban jirgin ya nufi gabas, ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya miƙe yamma. Sauran suka bi shi. Daga baya waɗanda suka tsira suka ce Mairiga ya faɗi saƙon ubansa, Galadima ya zare takobi ya ce shi ba zai zagaya ya bar maƙiyi a gabansa ba.

Saura kamar harbin kibiya biyu a kai gaɓa babban jirgin ya dafe a yashi. Na biyu ya zo ya buge shi, na uku da na huɗu suka kauce suka dafe su ma. Mayaƙa suka fara dirowa cikin ruwa don su tura, laka ta riƙe ƙafafunsu. Nan ne ciyawar gaɓa ta buɗe. Kwale-kwalen Gwarzama suka fito, sun fi hamsin, kowanne mutum huɗu ne ciki, biyu na tuƙi biyu na harbi, ga su marasa nauyi suna yawo a kan ruwan da bai kai ƙugu ba. Suka kewaye jiragen da suka dafe suna zuba musu kibau, wasu da wuta a bakinsu. Man da aka shafa wa katakon don kada ruwa ya ci shi, shi ya kama.

Mutanen Dargaza sun yi faɗa. Galadima da kansa ya tsaya cikin laka da ruwa har ƙirji ya kifar da kwale-kwale biyu kafin a jefa masa taru a kama shi kamar kifi. Tunau ya sa jirage ukun da ke baya suka tsaya a zurfi, suka yi ta jefa igiya suna jawo masu iyo. Yana jawo mutane yana duban babban jirgin, har ya ga rumfarsa ta rufta cikin wuta. Da kwale-kwalen suka juyo kansu, ya ba da umarni a juya. Wani matuƙi ya ce, "Sarkin Ruwa, Mairiga fa?" Tunau ya ce, "Juya, na ce."

Jirage uku suka komo Dargaza, da mutum ɗari da hamsin da 'yan kai daga cikin kusan ɗari uku. Aka yi kwana bakwai ana zaman makoki a kowace unguwa. Tunau ya karɓi gaisuwa a zaurensa, ya kwaso matar ɗansa da jikokinsa ya dawo da su gidansa. Gari kuwa ya zauna jiran Gwarzama ta sauko ta ƙarasa aikinta. Aka gyara ganuwa, aka shigo da dabbobi.

A rana ta tara sai ga kwale-kwale ɗaya da farar tuta. Wamban Gwarzama ne a ciki, wani dattijo mai furfura, ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Aka kai shi fada, aka kira majalisa, aka aika wa Tunau da Malam Harisu su zo, don jakadan ya ambaci sunayensu.

Wambai ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya ce, "Sarki Dawi yana gaishe da ɗan'uwansa Sarki Rabo. Ya ce in faɗa ba ɓoye-ɓoye, yunwa ce ta kai mu gungun. Ku shekara biyar kuke kuka da gulbi, mu shekara bakwai. A bara mun binne yara fiye da waɗanda aka haifa. Ga sharuɗɗansa. Shinkafar gungun ta bana a raba biyu, rabi namu rabi naku, bayan girbi mu janye. Galadimanku da mutum sittin da ke hannunmu za a sako su. A madadinsu sarki yana son jirage ukun da suka rage, da Sarkin Ruwa Tunau, da Malam Harisu da takardunsa."

Sarki Rabo ya ce, "Bayi yake so ya mayar da dattawana?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tafiyar da kuka shirya yake so a yi. Da can ya ɗauka dabara ce ta leƙen matsatsinmu. Amma a cikin jirgin da muka kama bai ƙone ba, mun tarar da ramukan da aka yi wa tulunan tawada, da sandunan awo a ɗaure a gefe, waɗanda kuka bari ba ku kwance ba. Fursunoninku ma duk bakinsu ɗaya a kan haka. Sarki ya ce in akwai mutumin da zai iya gano abin da ya sami gulbin nan, to Gwarzama ta fi kowa bukatarsa. Za mu ba da guzuri da matuƙa da masu jin harsunan sama. Amma tutar Gwarzama jiragen za su ɗauka, kuma abin da aka gano, kunnen Sarki Dawi zai fara ji. Ruwa ya fara hawa. Nan da kwana goma yake so a tashi."

Waziri ya sunkuyar da kai. Sarki Rabo ya dubi hakimansa ɗaya bayan ɗaya, bai sami wanda ya ɗago ido ba. Ya juya ga Tunau ya ce, "Sarkin Ruwa, mutum sittin ne, da abincin rabin shekara. Ba zan tilasta ka ba. Na san wanda ka bari a can."

Tunau ya dubi jakadan ya ce, "Wambai, waɗanda suka mutu a gungun, me kuka yi da su?"

"Mun yi musu sutura, namu da naku, a tudun gabas. Matuƙin babban jirgin an binne shi shi kaɗai, don mutanenmu sun ga yadda ya tsaya yana fitar da waɗanda wuta ta tare har ta cim masa."

Tunau ya ce, "Ɗana ne."

Wambai ya runtse ido ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ban sani ba."

"In mun zo wucewa, jirage za su tsaya a nan yini ɗaya."

"Za su tsaya."

Tunau ya juya ga sarkinsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, zan je. A kula mini da jikokina."

Sarki ya sa aka kawo hatimi. Waziri ya shimfiɗa takardar sulhu, aka buga mata, sannan aka rubuta wata ta sallamar mutum biyu da jirage uku zuwa hannun Gwarzama, ita ma aka buga.

Da suka fito ƙofar fada, Malam Harisu na tafe a bayan Tunau. Ya fara cewa dole a sake murɗa igiya biyu, a nemo ƙarin takarda, sai ya ji yadda muryarsa ke fita da ɗoki, ya yi shiru, kunya ta kama shi. Ya ce, "Ka yafe mini, Sarkin Ruwa."

Tunau bai waiwayo ba. Ya ce, "Kada ka ɓoye murnarka, Malam. Ya kamata a sami ko mutum ɗaya mai yin ta."

Ya aika a kira masa masassaƙa, ya gangara bakin gulbi a hankali don ya duba ɓarnar da kibau suka yi wa jiragen.